Ba Na Amsa Sallama da Noti a Hannu

Jiya wani saurayi ya tsaya a bakin garejin nan na hanyar Krofrom, ya leƙo yana kallona ina juye baƙin mai, ya ce wa abokinsa, "Wannan ma aiki ne? Kwance noti ɗaya, ɗaure noti ɗaya. Ni a waya na gani, minti biyar an gama." Na ji shi sarai. Ban tanka ba, domin notin yana hannuna, kafin in fito kuma sun wuce. To, tunda bai tsaya ya karɓi amsarsa ba, ku da kuka cika mini benci kuna latse-latsen waya ku karɓar masa.

Gaskiyarsa, noti ɗaya ne. A ƙasan kowace mota akwai kaskon da man inji ke taruwa, a gindin kaskon kuma akwai noti guda wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Shi ake kwancewa tsohon mai ya zube, a mayar a ɗaure, a zuba sabo. Tsakanin notin da kaskon akwai wosha, 'yar zobe ce ta jan ƙarfe mai laushi, in an ɗaure sai ta lotse ta toshe duk wata kafa. Sau ɗaya take lotsewa a rayuwarta. Ka mayar da tsohuwa, mai zai ɗiga. Ka manta da ita, zai ɗiga. Ka ɗora sabuwa a kan tsohuwar da ta manne ba ka gani ba, nan ma zai ɗiga. In kuma ka ce bari ka gwada ƙarfin damtse, haƙoran da notin ke bi a jikin kaskon su cinye, to ka shiga uku. Ni Issaka, shekara arba'in da 'yan kai ke nan ina fita, yadda muke kiran makanike a nan Kumasi. Na sauke injuna ba adadi, amma babu abin da ya taɓa kunyata ni kamar ɗan ƙarfen nan.

A unguwar Moshi Zango aka haife ni. Ina ɗan shekara goma sha huɗu mahaifina ya ɗauki goro da kwalaben lemo ya kai ni Magazin, unguwar makanikai, wurin Masta Kwaku, wani Batone, wato ɗan asalin ƙasar Kumasi, gajere mai faɗa, wanda Hausarsa a bakin direbobin arewa ya tsince ta. Shekara biyu ban da wanke ƙarafa da fetur ba abin da nake yi. Ranar da ya yarda in shiga ƙarƙashin mota in juye mai, na ɗauki sifana ina murna, sai ya fizge ta ya cusa a aljihu. Ya ce, "Yatsa tukuna. Bokoo, Issaka, bokoo," wato a hankali. Da yatsu zan murza notin zagaye uku ko huɗu. In ya tafi sumul, ya hau hanyarsa. In ya cije tun a zagayen farko, ya hau a karkace, sai a warware a sake. Sifana ba ta jin wannan, ita dai tura ta sani. In ya ga na miƙa hannu wajenta da wuri, sai in ji dukan silifas a tafin ƙafata, don ƙafar ce kaɗai take waje.

Motocin zamanin nan kaskonsu baƙin ƙarfe ne. Na ga ƙatti suna zura bututu a kan sifana, su taka da ƙafa, kasko bai ce komai ba. Na yanzu yawanci alminiyon ne, ka matsa kaɗan haƙoran su biyo notin kamar ɓawon albasa. Amma hannun mutane bai canja ba, har gobe wanda ya ga ɗigo abin da zai fara nema bututu ne.

Aikin da ya kusa raba ni da sana'ar nan na wata babbar lori ne mai ɗaukar goro zuwa arewa. Lokacin na gama koyo na sami 'yancina daga Masta Kwaku, na kafa rumfata, har wani mai motocin goro ya ba ni duka lorinsa uku in riƙa dubawa. Wata Alhamis ina ƙarƙashin ɗaya, mai ya gama zuba, na sa sabuwar wosha, na murza noti da yatsu zagaye huɗu. Ina miƙa hannu wajen sifana sai na ji sallama. Muryar Baffa ce, yayan mahaifina, ya sauka daga ƙauye bayan shekara shida ba mu ga juna ba. Wa zai bar Baffa a tsaye? Na fito na durƙusa. Ina gajiya, yaya hanya, yaya mutanen gida, yaya damina, wane ya rasu, wance ta haihu. Na kawo ruwa, na aika aka sayo tuwo. Da na koma na leƙa, ga noti zaune daram a wurinsa, ido ba ya bambanta wanda aka ɗaure da wanda aka ɗora. Na zuba mai, na tayar, ba ɗigo ko ɗaya. Lori ta yi lodi ta kama hanya.

Gaba da Techiman notin ya faɗi. Kafin direba ya ankara man ya zube a kwalta, inji ya buga. Alhamdulillahi ba wanda ya ji ciwo, amma goro ya kwana biyu a rana, kun kuwa san goro da rana. Mai motar ya zo har rumfata, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Issaka, ka ɗaure?" Na buɗe baki zan ce na ɗaure, sai na tuna inda na tsinci sifanar ranar nan da yamma, a kan taya, inda na ajiye ta tun kafin sallamar Baffa. Na ce, "Ban ɗaure ba." Ya gyaɗa kai ya tafi, ya kwashe motocinsa. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Labari a Zango ba ya kwana. Shekara guda cur babu wanda ya kawo mini ko keke. In na shiga wurin mai koko sai in ji ana cewa ga Masta Ban-Ɗaure-Ba nan. Na koma facin taya a bakin titi, ni da na yi shekara bakwai a Magazin. Kowa ya san noti ya faɗi, amma ban gaya wa kowa abin da ya raba ni da sifana ba, don kada maganar ta koma kunnen Baffa, tsoho ya ɗauka zuwansa ne ya jawo mini. Daga baya na taso na dawo nan Krofrom inda ba a san ni ba, na fara daga farko.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka. Daga lokacin da notin juye mai ya shiga hannuna har sifana ta gama da shi, bakina a rufe yake. Na san amsa sallama wajibi ne, kuma ina amsawa, amma sai na ɗaure. Kada ku ce ai kalma uku ce. Gaisuwarmu ba ta tsayawa a kalma uku, in ka amsa ta farko ta biyu na biye, kafin ka farga kana tsaye kana goge hannu kana tambayar lafiyar yara. An ce ina da girman kai, an ce kunnena ya fara mutuwa, na bar su a kan haka.

Yanzu ga maganar Alhaji Fuseini. Ɗan ƙabilar Mamprusi ne, yana sayar da masara da wake, gidansa a Ayigya Zango. Shekara talatin muna tare, duk motar da ya taɓa mallaka ni na san cikinta. Su Mamprusi suna cewa mu Moshi jikokinsu ne, saboda haka wasa tsakaninmu ba ya ƙarewa, mahaifiyarsa Mma Azara ma ba ta taɓa kirana Issaka ba, sai dai jikana. Ya san halina na shiru a ƙarƙashin mota, yakan ma tsokane ni a kai. Amma wata rana ya zo da baƙo, surukinsa, dattijo daga arewa, yana so ya nuna masa amininsa. Ya yi sallama, noti na hannuna. Ya sake. Ya yi ta uku da ƙarfi. Ina kallon takalmansu daga inda nake kwance, na ga sun juya. Kafin in ɗaure in fito sun shiga mota.

Da yamma na bi shi gida, aka ce ba ya nan, alhali ga motarsa a ƙofa. Ni ma ina da tawa zuciyar, ban sake komawa ba. Daga baya na ji wai ya rantse da Allah a gaban surukin cewa hannuna ba zai sake taɓa motarsa ba. Wata bakwai muka yi, in mun haɗu a wurin jana'iza kowa ya kalli gabansa. Abin ya dame ni ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Wata Alhamis da hantsi sai ga matarsa, Hajiya Adiza, a bakin garejin nan, ita da ba ta taɓa zuwa ba. Bayan mun gaisa ta ce, "Masta, tambaya na zo yi, amma don Allah kada Alhaji ya ji. Mota takan yi ɗigo haka kawai?"

Na ce, "Ɗigon me, Hajiya?"

"Baƙin mai. Tun ranar da ya juye da kansa a ƙofar gida, sati biyu ke nan."

Ashe da lokacin canjin mai ya yi, Alhaji ya ga ba zai zo wurina ba, kuma ba zai kai wa wani fita a yi masa dariya ba, sai ya sayi mai ya kalli waya ya shiga ƙarƙashin mota. Motar ƙarama ce, ɗansa ya aiko masa daga Turai, kaskonta alminiyon. Washegari ya ga ɗigo, ya nemo bututu ya ƙara ɗaurewa. Daga nan bai sake ganin komai ba, ya ɗauka magana ta ƙare. Abin da bai sani ba, shi yakan zauna a masallaci bayan asuba har rana ta fito, ita kuwa Hajiya kafin nan ta share ƙofar gida tas. Tana ganin mai a ƙasa sai ta barbaɗa toka ta share, don Mma Azara nan take bi da sandarta ta sha hantsi, kada santsi ya kwashe ta. Alhaji ya dawo ya tarar da ƙasa fes. Sau ɗaya ta yi masa magana, ya ce ragowar na ranar farko ne, ita me ta sani a mota.

Ta ce, "Da farko tokar hannu ɗaya nake zubawa, yanzu sai na cika ƙwarya. Ga shi jibi Asabar zai kai Mma garinsu, Walewale."

Na ce, "Da wannan motar?"

"Da ita. Mma ta ce ta gaji da Kumasi, a mayar da ita ɗakinta. Jikinta ba zai ɗauki bas ba, kwance za ta tafi a baya. Kullum sai ta tambaya saura kwana nawa."

A cikin gari, daga Ayigya zuwa kasuwa, mai bai cika zafi ba, ɗigo ne kawai. Amma Walewale tafiyar yini ce, Techiman, Kintampo, Tamale, har gaba. Mai in ya yi zafi tsinkewa yake kamar ruwa, ga jijjiga, ga notin da bututu ya riga ya ci masa haƙora. Na san abin da hanyar nan take yi wa noti irin wannan. Wancan karon goro ne ya kwana a rana, wannan karon tsohuwa ce mai shekara kusan casa'in.

Na ɗauko farin kwali mai tsabta na ba ta. Na ce in ya ajiye mota yau ta shimfiɗa a ƙarƙashin inji, gobe kuma kada ta yi shara, kada ta taɓa toka. Ta ce, "Ranar Juma'a in bar ƙofar gida ba shara? Maƙwabta su ce me?" Na ce su ce abin da suka ga dama.

Da sassafe na isa Ayigya. Alhaji zai iya cewa ba ya nan, amma ba shi da ikon hana jika sallama da kakarsa. Na tarar da Mma Azara an fito da ita kan tabarma, ta rame sosai, amma bakin yana nan. Ta ce, "Jikana, ashe kana da rai? Na ɗauka Moshi sun koma garinsu ba sallama." Muna cikin haka Alhaji ya dawo daga masallaci. Na miƙe na yi masa sallama. Ya wuce ni kamar bai ji ba. Na ce a raina, ka rama, ba laifi. Na sa ƙafa na jawo kwalin daga ƙarƙashin motar na bar shi a gabansa. Baƙin mai ya yi shimfiɗa a kai kamar faɗin faranti, har ya huda ya jiƙa ƙasa.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na ɗaure da bututu."

Na ce, "Na sani, Alhaji. Wa ya yi maka sallama ranar da ka juye man?"

Sai a lokacin ya ɗago. "Wa ya gaya maka?"

"Babu. Tambaya na yi."

Ya ce mai unguwa ne ya biyo ta nan, ya fito suka gaisa, ya raka shi har bakin titi. Na tambayi Hajiya ina tsohon man. Ta ce yana nan a daro bayan ɗaki, ta ajiye za a shafa wa katakon rumfa saboda gara. Aka kawo, na naɗe hannun riga na lalubi ƙasan daron, na fito da wosha na ɗora masa a tafin hannu. Tare da notin ta fito ta faɗa cikin man. Da ya dawo daga rakiya ya ga noti a ajiye, ya ɗauka ya ɗaure shi tsirara, ba wosha.

A nan, a tsaye a ƙofar gidansa, na ba shi labarin lorin goro da sallamar Baffa, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har matata. Baffa ya daɗe da rasuwa, babu sauran wanda zan kare. Alhaji ya saurara har na gama. Ya ce, "Shekara talatin, Issaka, ba ka iya buɗe baki ka faɗa mini wannan ba?" Na ce kunya ce. Ya ce, "To ni ga shi na rantse. Hannunka ba zai taɓa motar nan ba."

Mma Azara ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce, "Hannunsa ka ce ko bakinsa? Kai Fuseini, kwanta ka yi abin da jikana ya ce. Ni dai gobe ina hanya."

Haka aka yi. Ya cire babbar riga, ya ɗaga motar da jak, na sa ya tokare ta da kututture biyu, don ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ya kwanta, ni ma na kwanta gefensa da tocila, ɗaya hannun na cusa a aljihu kada ya yi mini gardama. Manya biyu masu furfura kwance a ƙasa, mata suna leƙe ta katanga. Ya sa sifana, notin ya kwance ba wani ƙarfi, abin da na ji tsoro ke nan. Da ya fito, ga zaren alminiyon nannaɗe a jikinsa. Muka bar man ya tsiyaye, na haska ramin na daɗe ina dubawa. Haƙoran bakin sun tafi, amma Allah ya taimaka, can ciki akwai sauran lafiyayyu waɗanda gajeren notin bai taɓa kaiwa gare su ba. Da ya ƙara taka bututun nan sau ɗaya, sai dai a sake yanka ramin ko a sauke kaskon, tafiyar gobe kuwa ta fasu.

Na hau trotro, motar haya, zuwa Magazin da tsohon notin a aljihu. Na zaga shago huɗu kafin in sami mai kauri ɗaya da haƙora iri ɗaya, amma ya ɗan fi shi tsawo. Na haɗo da sababbin wosha da sabon mai, na biya ta gareji na ɗauko sifanar awo, wadda ake saita mata iyakar ƙarfi, in an kai sai ta yi ƙas. Ni hannuna ya san iyakar, amma hannun mai auna masara bai sani ba.

Na sa ya zuba ɗan sabon mai ta sama ya wanko ɓurɓushin ƙarfen, ya goge bakin ramin da tsumma har ya yi ƙyalli, ya zura wosha a sabon notin. Na ce, "Yatsa tukuna, Alhaji. Bokoo." Ya murza, ya cije. Na ce ya warware. Ya sake, ya cije. Gumi ya keto masa. Na ce ya juya shi baya kaɗan har ya ji ya faɗa gurbinsa, sannan ya yi gaba. A karo na uku ya tafi sumul, zagaye ɗaya, biyu, uku.

Sai muka ji, "Salamu alaikum."

Liman ne na masallacinsu, da dattawa biyu, sun zo yi wa Mma addu'ar tafiya kafin Juma'a. Na ga kafaɗar Alhaji ta motsa zai yunƙura. Na ci gaba da haska masa tocila. Liman ya sake sallama. Alhaji ya dubi notin, ya dube ni, ya cije leɓe ya ci gaba da murzawa. Da aka yi ta uku, ni da ba noti a hannuna sai na turo kai waje na ce, "Wa alaikumus salam, Malam. A yi masa haƙuri, noti ne a hannunsa." Liman ya sunkuyo ya ga ƙafafun Alhaji, ya ce, "Ikon Allah, shi ma ya kamu?" Na miƙa wa Alhaji sifanar awo, ya ja a hankali har ta yi ƙas. Sannan ya fito, fuska duk mai, ya durƙusa ya gaida Liman.

Muka zuba mai, muka duba sandar awo, ya zaga da motar har bayan jami'a ta yi zafi sosai, ya dawo muka shimfiɗa sabon kwali. Bayan an sauko Juma'a na duba, fari tas. Washegari da sassafe na sake zuwa na duba, Hajiya tana tsaye da tsintsiya tana jiran izini. Babu ko ɗigo. Na ce masa duk da haka ya tsaya a Techiman da Kintampo ya leƙa. Aka kwantar da Mma a kujerar baya da matasai. Ta kama hannuna ta ce, "Jikana, in ka zo Walewale ka zo da goro, kada ka zo mini hannu rabbana irin na Moshi." Da la'asar ya bugo waya ya ce sun isa, ya leƙa sau biyar, ƙasa a bushe. Bai ce mini yi haƙuri ba, ni ma ban ce masa ba.

Bayan kamar wata biyu ina ƙarƙashin wata tasi a nan inda kuke zaune, mai ya gama zuba, na ɗauki noti ke nan, sai na ga takalman Alhaji Fuseini sun shigo. Na san su, shekara nawa ina ganinsu daga ƙasa. Suka tsaya dab da tayar gaba. Ban ji sallama ba. Na murza da yatsu, na ɗauki sifana, takalman suna nan ba su motsa ba. Na ja har ta yi ƙas.

Sai ya ce, "Salamu alaikum."

Na amsa, na fito ina goge hannu, ina shirin tsokanarsa. Da na ga idonsa sai na fasa.

Ya ce, "Mma ta rasu yau da asuba. A ɗakinta, Issaka, a kan gadonta, 'yan'uwanta na kewaye da ita. Yanzu zan kama hanya. Na ce ba za ka ji a bakin wani ba."

Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Alhaji, tun yaushe kake tsaye da wannan maganar a bakinka?"

Ya ce, "Na ga noti a hannunka."